Ibrahim Narambaɗa Tubali, manomin da ya shiga fada da gonarsa

Duk wanda ya saba cin kasuwannin bakin iyaka, daga Ƙonni da Illela zuwa Sabon Birni, Maraɗi, Ɗan Isa da Jibiya, da wuya a ce bai taɓa jin muryar dattijon nan ba. Wani lokaci daga rumfar mai shayi take fitowa, wani lokaci daga cikin kamyon da ke jiran ƴan duwan su gama takarda. A da a kaset ake jin ta, yanzu kuwa ta koma cikin waya. Ɗaukar ta tsufa, ga ƙara ga shashsheƙa, amma da zarar kotso ya tashi ƴan amshi suka karɓa, za ka ga dattawan rumfa sun rage surutu. Muryar Ibrahim Narambaɗa Tubali ke nan, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, wanda ya bar duniya fiye da shekara 60 da suka wuce. Shi ne baƙon wannan fili namu na yau.

An daɗe ana yabon wannan bawan Allah a kan azanci da iya jera magana, har malaman jami'a sun yi rubuce-rubuce a kansa. Mu abin da ya ja hankalinmu a tarihinsa shi ne, mutumin ya yi shekaru masu yawa a fada, cikin manyan riguna da dawaki, amma duk sa'ad da zai faɗi yadda mutum ke girma ya zama wani abu, ko yadda yake kasa zama, sai ya koma daji da gona da garke ya ɗauko misali. Dalilin haka yana cikin rayuwarsa, don haka sai mu faro daga tushe.

Daga Filinge zuwa Tubali

Mahaifinsa, Maidangwale, mutumin Filinge ne, can ƙasar Kurfai a yammacin Nijar, arewa maso gabas da Yamai. Ɗan dambe ne da ya yi suna. Dambe kuwa, kamar yadda aka sani, wasan kaka ne da rani: in an gama girbi an kai damma rumbu, sai ƴan wasa su ɗauki hanya gari-gari suna neman abokin karawa. Maidangwale ya yiwo gabas har ya iso Tubali, wani ƙauye kusa da Shinkafi, ya zauna, ya auri wata mace mai suna Riba, mutuniyar Badarawa, wadda gidansu gidan makaɗa ne.

A Tubali aka haifi Ibrahim, a ƙarshen ƙarni na 19, tun Turawa ba su ci Sakkwato ba, wato kafin 1903. Lokacin da uban ya yi wannan tafiya babu iyaka tsakanin Filinge da Shinkafi, babu shinge, babu mai tambayar takarda. Ɗan yana tasowa aka ja layin: Faransa da Ingila suka yi yarjejeniya a 1904 da 1906, sa'an nan jami'ansu suka bi daji suna kafa alamomi daga 1906 zuwa 1908. Da haka dangin uba suka zama na Faransa, shi da dangin uwa suka zama na Ingila. A yau Tubali da Badarawa da Shinkafi suna cikin jihar Zamfara, Isa kuwa tana jihar Sakkwato. Saboda haka idan ɗan Nijar ya ce yana da rabo a Narambaɗa, bai yi ƙarya ba.

Ƙasar da ya tashi a cikinta ƙasar gulabe ce. Gulbin Bunsuru da na Gagare a yankin Isa suke haɗuwa su kama hanyar Rima. Gaba kaɗan, wajen Sabon Birni, Gulbin Maraɗi ya zo ya faɗa masu, shi da ya taso daga ƙasar Katsina, ya wuce Jibiya ya shigo Nijar, ya bi ta Madarumfa da Maraɗi da Tsibiri da Gidan Rumji, sa'an nan ya sake komawa Najeriya ba tare da ya tsaya wa ɗan duwan ko ɗaya ba. Da rani gulaben nan rairayi ne, yara na wasa a ciki, mata na tona ruwa a tsakiyarsu. Da damina kuwa, a dare ɗaya sai a wayi gari ruwa ya cika gaɓa da gaɓa, yana iya tafiya da jaki da kayansa. Yaron da ya girma yana ganin haka kowace shekara, ba sai an koya masa cewa abu yakan sauya kama ba. A fadama ga shinkafa, a tudu ga gero da maiwa da dawa. Ya kuma ga ɗaya fuskar ta ƙasar, domin babbar yunwar nan ta 1913 zuwa 1914, wadda ake kira Kakalaba, da wayonsa ta zo.

Noma ya fara yi, kuma da kiɗan noma ya fara sana'a. Matasan yanzu da suka san noma da maganin feshi ba lalle su gane girman wannan kiɗa ba. A wancan zamani idan mai gari ko wani mai hali ya kira gayya, samari ne za su jeru a bakin gona, kowa da kalmensa ko galmarsa, makaɗi na biye da su kunya bayan kunya. Dole ya san kowa. Ya san wanda ke farawa da zafi ya sare kafin hantsi, ya san wanda ke tafiya a hankali amma sai ya ga bayan kowa, ya san wanda ya gaji noma da wanda ya zo don idon budurwa. Ya kira sunan gwarzo, ya kira na ubansa da yawan damman da ya tara, ya yi wa rago habaici har kunya ta sa ya sunkuya ya kama aiki. Babu zama a shirya magana. Abin da ido ya gani a take shi baki zai faɗa, kuma da abin da ke gabansa zai yi misali: hadarin da ya haɗo gabas, ƙasar da ta sha ruwa, tsiron da ya ɗara ɗan'uwansa, sa da jaki da tsuntsun da ke jiran gero ya nuna. Wannan ce makarantar Narambaɗa. A ganina, duk wanda ya saurari waƙoƙinsa na fada da kunnen basira zai ji ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa bai bar su ba.

Har sunan da duniya ta san shi da shi, daga wannan rayuwa ta ƙauye ya fito. Yana da wata karya da ake kira Rambaɗa, sai mutane suka riƙa danganta shi da ita, suna ce masa na Rambaɗa, har sunan ya bi shi. Abin dariya ne in mutum ya tuna: makaɗin da ya kwashe shekaru yana kiran sarakuna giwaye, shi da sunan karya ya shiga tarihi. Bai kuwa ƙyamaci sunan ba, da bakinsa yake kiran sa a cikin waƙa, da alfahari.

Damben uba bai zama sana'arsa ba. Ta wajen uwa gadon ya biyo, domin kakansa makaɗin kotso ne, kuma kotson ne Ibrahim ya ɗauka daga baya. Kotso ganga ce mai baki ɗaya, ƙasanta a buɗe, ana rataya ta a kafaɗa a buga da yatsu, kuma kayan fada ce. Ranar da manomi ya ajiye gangar noma ya rataya kotso, ya sauya masu sauraro, ya kuma sauya hanyar cin abincinsa. Makaɗin noma dami ake ba shi da kaka, in shekara ta yi kyau. Makaɗin fada riga ake ba shi da doki da kuɗi, rani da damina, sai dai kuma bakinsa ya zama na ubangidansa. Kamar mai talla ne da ya samu rumfa a tsakiyar kasuwa, amma da jarin wani.

A fadar Isa

A nan sai mun ɗan tsaya a kan sarautar da ya yi wa hidima, don mutanen Maraɗi da Tsibiri kan yi tambaya in sun ji an ce Sarkin Gobir na Isa. Bayan da mayaƙan jihadi suka ci Alƙalawa a 1808, sa'an nan aka yi yaƙin Gawakuke a 1836, Gobirawa suka kafa Tsibiri a ƙarƙashin Mayaƙi, daga baya wani reshe nasu ya kafa Sabon Birni. Isa kuwa ta zama mazaunin zuriyar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, masu tsaron wannan gefe na daular Sakkwato, su ma suna riƙe da sunan Sarkin Gobir. Shi ya sa har yau mai wannan suna ba ɗaya ba ne: akwai na Tsibiri, akwai na Sabon Birni, akwai na Isa, akwai na Gwadabawa.

Wannan gida na Isa shi Narambaɗa ya riƙa. Babban ubangidansa shi ne Sarkin Gobir Amadu, wanda ya hau sarauta a 1935, kuma mafi yawan manyan waƙoƙinsa nasa ne. Ya yi wa wasu ma, irin su masu sarautar Shinkafi da alƙalin Moriki, amma Isa ce cibiya.

Ya kamata mai karatu ya tuna irin zamanin. Yaƙi ya ƙare, takobi ya koma kube. Hakimi naɗa shi ake yi daga Sakkwato da yardar Bature, aikinsa tara haraji da jangali da tsaron doka. Jirgin ƙasa ya iso Ƙauran Namoda a 1929, gyaɗa da auduga suka fara kawo kuɗi, talaka mai wayo ya fara yin arzikin da a da sai ɗan sarki. A kowane gidan sarauta kuma ga ƴaƴa da jikoki rututu, kujera ɗaya, kowa na ganin shi ya dace. Tun da babu fagen fama da za a raba gardama, sai aikin ya dawo kan bakin makaɗi: shi zai tsaya gaban jama'a ranar Salla ko ranar naɗi ya tabbatar cewa wanda ke kan kujerar shi ne ya cancanta, sauran kuwa su yi haƙuri. Yabo ga ubangida, zambo da habaici ga masu neman kujerarsa, wannan shi ne kayan da aka saya a wurinsa.

To da me zai kafa hujja a gaban taron da yawancinsa manoma ne da makiyaya da fatake? Da abin da suka sani. A waƙar fada sarki giwa ne, zaki ne, ɓauna ne, gulbi ne da ya kawo ruwa. Abokin adawa kuwa ƙaramar dabba ce da ta ɗauki kanta da girma. Wannan kowane makaɗin fada yana yi. Inda Narambaɗa ya yi fice shi ne, dabbobinsa ba a tsaye suke kamar zane a bango ba, girma suke yi a gaban idonka. A ɗaya daga cikin waƙoƙinsa da aka fi ji, ya ajiye ɗan sa da ɗan akuya gefe da gefe: na farko yana tasowa har ya cika bajimi mai tozo, na biyu yana nan yadda yake, ba abin da ya rage masa sai ido.

Duk dillalin da ya taɓa tsayawa a kara ya san gaskiyar wannan hoto fiye da malamin jami'a. Maraƙi da ɗan akuya kan zo duniya a damina ɗaya, su yi kiwo a fage ɗaya, su sha a tabki ɗaya. A watannin farko ma ɗan akuya ya fi kuzari, ya fi tsalle, ya fi wayo, ya kuma riga shiga kasuwa. Cikin shekara guda ya gama yawancin girman da zai yi. Maraƙi kuwa yana nan da dogayen ƙafafu kamar ba zai yi komi ba, sai ya kwashe shekara huɗu ko biyar kafin wuya ya cika, tozo ya tsaya. Saboda haka magana biyu ce a dunƙule. Ta farko ita ce wadda fada ta biya kuɗinta: iri ba ya ƙarya, ɗan gidan sarauta shi zai gaji sarauta. Ta biyu ita ce wadda manomi ya sani: babban abu a hankali yake girma, kuma wanda ya riga ka tsalle ba shi ne ya riga ka isa ba.

Sai dai mu faɗi gaskiya, maganar farko ba ta yi wa kowa daɗi. A kasuwannin nan namu akwai mutane da yawa da ba su gaji ko allura ba. Da dako suka fara, ko turin kura, ko tallan goro a faranti, ko zaman yaron shago shekara goma ana aiken su sayen shayi, yau su ke da sito da manyan motoci, ƴaƴan masu gari na zuwa gaishe su. In aka bi zahirin waƙar, ai su ne ƴan akuyan da aka ce su tsaya kallo. Na sha jin ana wannan gardama a rumfa, wani ya ce tsohon ya yi gaskiya, asali ba ya ɓuya, wani ya ce ai makaɗi ne, inda aka ba shi doki nan zai sa baki.

Amsar wannan gardama, a ganina, tana jikin shi mai waƙar. Ɗan baƙo ne, ɗan ɗan dambe, manomi daga ƙauye. In gado ake bi sau da ƙafa, da a fagen dambe za a neme shi da zare a hannu. Ya tsallake gadon uba ya ɗauki na kaka ta wajen uwa, wanda a al'adar Bahaushe ba shi ake fara lissafawa ba, ya kuma kai kotson inda masu shi na farko ba su taɓa kai shi ba. Iri yana nan, babu musu. Amma manomi ya fi kowa sanin cewa iri da yawa a rumbu yake ƙarewa, ƙwari su cinye, domin bai samu hannun da zai kai shi gona ba, ko ruwan da zai tayar da shi.

Bakandamiya

Shi ya sa waƙar da ta fi dacewa a saurara a kan wannan batu ita ce Bakandamiya, wadda ya yi wa Sarkin Gobir Amadu, wadda kuma shi da kansa ya ɗauka a matsayin uwar waƙoƙinsa. A cikinta ubangida namijin giwa ne, kamar yadda aka saba. Amma a wani wuri makaɗin ya juyo kan kansa yana bayanin yadda fasaha ke zo masa, sai misalin ya sauya. Bai kira kansa giwa ko zaki a wurin ba. Kalmar da ya ɗauko ita ce hudowa, kalmar da ake faɗa wa tsiron da ya fasa ƙasa ya leƙo bayan ruwan shuka, ko itacen da ya fara fitar da sabon kai bayan ya sha rani, ko ranar da ta ɓullo daga gabas. Ya kuma nuna cewa abin ba sau ɗaya ya faru ba, kullum ne.

A duba bambancin. Tozon bajimi in ya tsaya ya tsaya, an gama. Abin da ke hudowa kuwa ba a gama shi ba, jiya ya fito, yau ma zai fito, kuma mai gonar bai isa ya ce shi ya yi shi ba, iyakarsa ya gyara ƙasa ya jira. Haka dattijon ya ga baiwarsa, yana da furfura amma yana jin kansa kamar gonar da ake yi wa ruwa kowace safiya. Ga sarki ya ba da girman da aka gada aka gama. Ga kansa ya ajiye girman da ba ya tsayawa. Ko da gangan ya yi ko bakin manomi ne ya rinjaye shi, ni dai nan nake jin ainihin mutumin.

A wannan wuri ne kuma ya yi abin da ba kowane makaɗi zai yi ƙarfin halin yi ba, ya kwatanta waƙarsa da ta Alfazazi, malamin nan na ƙasar Andalus da ya rasu a 1230, mai Ishiriniya, wadda almajirai ke rerawa a zaure da daren Mauludi. Wanda ya san matsayin da ake ba makaɗi a wancan zamani, a bayan malami, a bayan attajiri, a bakin ƙofa yake tsayawa, zai gane nisan tafiyar da ɗan Maidangwale yake cewa ya yi. Daga bin samari a kunyar gero zuwa jera sunansa da na mai Ishiriniya, ba ƙaramin zango ba ne. Jama'a kuwa sun karɓa. Yau kalmar bakandamiya ta fita daga hannunsa ta shiga harshe: kowane mawaƙi, na gargajiya ko na zamani, in ana son a faɗi waƙarsa da ta fi sauran, sai a ce ita ce bakandamiyarsa.

Akwai kuma waƙar da ya yi wa wani dokin sukuwa, wadda aka sani da Dokin Iska Ɗan Filinge. Sunan kaɗai ya isa: dabba ce aka haɗa da iska saboda gudu, aka kuma danganta ta da Filinge. A zahiri yabon doki ne da mai shi da mahayinsa, kuma masu son sukuwa har yau suna jin daɗinta a haka. Ni kuwa duk lokacin da na ji ta nakan tuna cewa Filinge garin uban makaɗin ne. Baƙo ya taso daga yamma, ya shigo fagen da ba na gidansu ba, ya bar ƴan gari a baya suna shan ƙura. Labarin dokin ke nan, labarin Maidangwale ke nan, kuma da ɗan gyara labarin Ibrahim ne. Doki ma, in an lura, ya fi bajimi dacewa da rayuwarsa, domin bajimi ci da sha kawai yake yi ya girma, doki kuwa komi kyan asalinsa sai an hore shi, ya san linzami da sirdi, ya sha bulala da yunwar safe, kafin ya zama abin da za a yi wa waƙa.

Bai yi zamani shi kaɗai ba. Ga Salihu Jankiɗi a fadar Sarkin Musulmi Abubakar na III, ga Aliyu Ɗandawo, ga Musa Ɗanƙwairo yana tasowa, ga Sa'idu Faru a bayansu. Wasunsu sun riƙi sarakunan da suka fi na Isa girma da dukiya, domin Isa gari ne na hakimi. Duk da haka, sunan Amadu na Isa ya je wuraren da sunayen manyan sarakunan zamaninsa ba su je ba, kuma a kan kotson Narambaɗa ya hau. Mu nan arewacin iyaka muna da wata riba a ciki: Hausarsa Hausar Gobir da Zamfara ce, irin wadda ake ji a Maraɗi da Madawa da Ƙonni. Kalmar da ɗalibin Kano zai buɗe ƙamus ya nema, tsohuwa mai fura a Tsibiri da ita take kiran jikanta.

Da girma ya kama shi, ya yi wani kuri da ya zama abin faɗa, inda ya nuna cewa shi mutuwa ba za ta riƙe shi ba, ko ya tafi zai dawo. Mai jin wannan a karon farko zai yi istigfari. Amma Musulmi ne, ya san kowane mai rai mamaci ne, ya binne iyaye da abokai. Magana ce irin ta wanda ya ga ciyawa ta bushe ƙurmus da rani, wuta ta bi ta kanta, ruwan farko na sauka ta sake fitowa a inda take. Waƙoƙin yake nufi. Allah Ya yi masa rasuwa a farkon shekarun 1960, ƙasashen uwarsa da na ubansa ba su daɗe da samun mulkin kai ba, ubangidansa Amadu kuwa ya rayu bayansa.

Sa'ar da aka yi ita ce na'urar ɗaukar murya ta riske shi da rai. Abin da aka ɗauka shi gidan rediyon Kaduna ya yi ta sakawa shekara da shekaru, ana kamawa har cikin Nijar, daga nan ya koma kaset, masu kaset na kasuwa suka yi ta kwafa suna sayarwa, har ya iso waya. Waƙoƙinsa na noma, na lokacin ƙuruciya, su ne suka fi shan kashi, domin sa'ad da yake yin su babu mai na'ura a bakin gona. Malamai irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau sun tattara tarihinsa, Farfesa Aliyu Muhammad Bunza kuma ya fitar da littafi sukutum mai sunansa a 2009.

Abin da ke ba ni tsoro shi ne, waƙar ta dawo kamar yadda ya ce, amma dajin da ta dogara a kansa yana tafiya. Dattawan Madarumfa suna tuna lokacin da giwaye ke shigowa dajin Babban Rafi. Yaron da aka haifa yau a Isa ko Maraɗi zai yi gemu bai ga giwa ba sai a waya, kuma in an ce masa sarki giwa ne, kalma ce kawai ya ji, bai ji ƙasa ta girgiza ba. Gayya ta ja baya, gangar noma ta yi wuyar ji. Mafi muni, ita kanta kalmar daji ta sauya ma'ana a ƙasar da ta haifi Narambaɗa. A Shinkafi da Isa da Sabon Birni, in an ce mutanen daji yanzu ba mafarauta ko makiyaya ake nufi ba, ƴan bindiga ake nufi. Tun daga 2019 dubban mutanen wannan yanki suka ƙetaro iyaka zuwa ƙauyukan Gidan Rumji da sauran sassan jihar Maraɗi, suka bar gonaki a baya, wasu da shuka a ciki. Fataken da suka saba bin hanyar Shinkafi sun san abin da muke faɗa, ba sai an yi masu dogon bayani ba.

Allah Ya jiƙan Ibrahim ɗan Maidangwale, Ya kuma maido da zaman lafiya a Tubali da kewayenta, manoma su koma gona.